JIRAN DAWOWAR ALMASIHU: FASSARAR KIRISTA GAME DA ƘARSHEN ZAMANI DA YADDA TA ISO ƘASAR KABI



1.0 GABATARWA

Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne yadda Kiristoci suke fassara annabce-annabcen Littafi Mai Tsarki game da ƙarshen zamani da dawowar Yesu Almasihu. Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da wannan fage, ai na malaman addini ne. Amsa ita ce, da harshen Hausa aka yi wa'azin nan a ƙasarmu, cikinsa aka fassara littafin, da shi kuma aka yi gardama a kansa. Bugu da ƙari, tun kafin ɗan mishan na farko ya sa ƙafa a Arewa, Bahaushe ya riga ya san Dujal da Mahadi da saukowar Annabi Isa, alaihissalam. Watau dai baƙon zance ne ya zo ya iske ɗan gida yana zaune.

Zan yi ƙoƙarin nuna cewa bakin Kiristoci bai zo ɗaya ba a kan wannan mas'ala. Akwai manyan hanyoyi uku, ɗaya daga cikinsu ce ta fi yaɗuwa a majami'un da ake sujada da Hausa, kuma akwai dalilin tarihi da ya sa haka. Sa'an nan zan nuna abin da ya auku, a Amurka da kuma nan kusa da mu, duk sa'ad da jira ya rikiɗe ya koma ƙidayar kwanaki da nuna mutum da yatsa.

2.0 NASSOSHIN DA AKE FASSARAWA

Kusan duk gardamar ta ta'allaƙa ne a wurare huɗu. Na farko littafin Daniyel, cikin Tsohon Alkawari, inda aka kawo mafarkin wani gunki da wahayin dabbobi huɗu masu wakiltar dauloli, da lissafin bakwai-bakwai har saba'in a sura ta 9. Na biyu jawabin Yesu a Dutsen Zaitun, a Matiyu sura ta 24, inda ya yi zancen rushewar Haikali da yaƙe-yaƙe da yunwa da annabawan ƙarya. Na uku wasiƙun Bulus zuwa ga Tasalonikawa, inda ya bayyana tashin matattu da taryen Ubangiji a sararin sama. Na huɗu littafin ƙarshe na Sabon Alkawari, watau Wahayin Yahaya, wanda galibin masana ke ganin an rubuta shi wajen ƙarshen ƙarni na ɗaya, lokacin da Kiristoci ke shan matsi a hannun Rumawa. A sura ta 13 ne aka ambaci dabba da lambarta 666, a sura ta 20 kuma aka ambaci ɗaure Shaiɗan da mulkin shekara dubu.

Ya kamata mu lura da irin harshen waɗannan littattafai. Harshe ne na zaurance da misali, irin wanda mutanen da ke ƙarƙashin azzalumin sarki kan yi amfani da shi. Ɗalibin waƙar Hausa ba zai sha wuyar gane lambar 666 ba, domin ya san ramzi, inda marubucin ajami kan ɓoye shekarar da ya yi waƙa cikin haruffa, kowane harafi da adadinsa. Haruffan Ibrananci da na Helenanci ma haka suke, kuma masana da yawa sun nuna cewa in aka rubuta sunan Kaisar Nero da haruffan Ibrananci aka tara, 666 ake samu. Wasu masu fassara kuwa suna ganin lambar tana jiran mai ita a gaba. Daga nan hanyoyi suka fara rabuwa.

3.0 HANYOYI UKU

Dukan Kiristoci sun yarda Almasihu zai komo ya yi wa masu rai da matattu shari'a. Inda suka saɓa shi ne matsayin shekara dubun nan.

Hanya ta farko ta ce Almasihu zai dawo tukuna, sa'an nan ya kafa mulki na zahiri a bayan ƙasa har shekara dubu. Masu wannan ra'ayi suna ganin duniya lalacewa za ta yi ta yi har ya zo. Wasu magabatan Ikkilisiya na ƙarni na 2, irin su Justin da Irenaeus, a kanta suke.

Hanya ta biyu ta Agustin ce, malamin nan na Arewacin Afirka, bishop na garin Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430. Shi a ganinsa shekara dubu misali ne na dukan zamanin da ke tsakanin zuwan Almasihu na farko da na biyu, kuma mulkin yana gudana yanzu cikin Ikkilisiya. Saboda haka babu wata ƙidaya da za a yi. Wannan ra'ayi ya mamaye Turai fiye da shekara dubu. Luther da Calvin a kansa suka tafi, kuma har yau shi Katolika ke bi.

Hanya ta uku ta ce bishara za ta yi ta gyara duniya sannu a hankali, har a sami dogon zamani na adalci da salama, daga baya Almasihu ya komo. Ta yi ƙarfi a Ingila da Amurka cikin ƙarni na 18 da na 19, ta kuma ƙarfafa gwiwar masu yaƙi da cinikin bayi. Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, shi ya karya mata ƙafa, don mutane sun ga abin da ƙasashen da ake kira na ci gaba suka yi wa junansu.

4.0 MASU ƘIDAYAR KWANAKI

A ƙarni na 19 hanya ta farko ta farfaɗo, ta kuma haifi rassa biyu da ya kamata mu sani.

Reshe na farko ya ɗauki kowace rana ta annabci daidai da shekara guda. Wani manomi a Amurka, William Miller, ya ɗauki kwana 2,300 na Daniyel sura ta 8, ya fara ƙirga daga shekara ta 457 kafin haihuwar Almasihu, lissafi ya kai shi 1843 zuwa 1844. Mabiyansa suka tsayar da ranar 22 ga Oktoba, 1844. Dubban mutane suka jira, wasu sun bar amfanin gona bai girbu ba, rana ta fito ta faɗi ba abin da ya faru. Daga cikin waɗanda suka saura ne aka kafa ɗariƙar masu kiyaye Asabar a 1863. Shaidun Jehobah ma da irin wannan lissafi suka kai ga 1914.

Reshe na biyu na John Nelson Darby ne, wanda ya rayu daga 1800 zuwa 1882. Darby ya raba tarihi zamani-zamani, ya kuma ce bakwai ɗin ƙarshe na Daniyel bai cika ba tukuna. A koyarwarsa, za a fara ɗauke masu bi daga duniya farat ɗaya, abin da Kiristocin Hausa ke kira fyaucewa, sai shekara bakwai na tsanani ƙarƙashin magabcin Almasihu, sai yaƙin Armagedon, sai mulkin shekara dubu da Urushalima a matsayin cibiya. Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield, wanda aka buga a 1909, shi ya shigar da wannan tsari gidaje da makarantun Baibul. Da aka kafa ƙasar Isra'ila a 1948, ta kuma kama gabashin Urushalima a 1967, masu wannan ra'ayi suka ɗauka alamu sun cika. Mai neman sanin dalilin da ya sa wasu majami'u a Amurka da Nijeriya ke bin labarin Gabas ta Tsakiya kamar labarin gidansu, to, ga mafarinsa.

5.0 YADDA TA ISO AREWA

Akwai aya guda a Matiyu 24 wadda ma'anarta ita ce, sai an yi shelar bishara ga dukan al'ummai kafin ƙarshe ya zo. Masu hanya ta farko sun ɗauki wannan da zafi. A wurinsu, kowace ƙabilar da ba ta ji ba tana jinkirta dawowar Ubangiji, ga kuma Bilad al-Sudan, daga kogin Kwara har kogin Nilu, babu ɗan mishan ko ɗaya a cikinta. Wannan gaggawa ce ta kawo samari uku Legas a 1893, watau Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent. Biyu suka mutu a 1894, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya rayu ya gina ƙungiyar SIM, wadda ta haifi ikkilisiyar ECWA a 1954.

Ƙungiya ta biyu, SUM, Bajamushe Karl Kumm ya kafa ta a 1904, ta fara zama a Wase. Matarsa Lucy 'yar Henry Grattan Guinness ce, ɗaya daga cikin mashahuran masu lissafin annabci a Ingila. Guinness ya karanta Daniyel da Wahayi a matsayin tarihin duniya da aka rubuta tun kafin ya auku, ya kuma sa Fafaroma da Daular Usmaniyya cikin jerin maƙiyan da annabci ya ambata. Wannan abu ne da ya wajaba a faɗe shi a fili, domin ya shafi irin kallon da wasu 'yan mishan na farko suka yi wa Musulmi da kuma Katolika.

Nan ƙasarmu, ƙungiyar UMS, wadda ta fito daga Amurka da Kanada, kuma ita ma daga gidan masu wannan ra'ayi, ta zauna a Zuru cikin shekarun 1920, ta kuma yi aiki a ƙasar Yawuri. Daga aikinta ikkilisiyar UMCA ta fito. SIM kuwa ta sami shiga lardin Sakkwato ta hanyar jinyar kutare a shekarun 1930, kamar a Amanawa. Fastocin da aka horar da Hausa a makarantun Baibul irin ta Kagoro sun ɗauki koyarwar malamansu, kuma Dokta Byang Kato, babban sakataren ECWA wanda ya rasu a 1975, a makarantar tauhidi ta Dallas ya yi digirinsa na dokta, makarantar da ta shahara da bin tsarin Darby. Saboda haka in ka ji wa'azin fyaucewa da alamar dabba a wata majami'a a Birnin Kebbi ko Argungu, ka san ta inda ya biyo. In ka shiga ta Katolika kuwa, da wuya ka ji shi, don su Agustin suke bi.

Amma me ya sa mishan ta zauna a Zuru tun da wuri, ta daɗe ba ta sami zama a Gwandu da Argungu ba? Amsar tana buƙatar mu dubi abin da baƙin suka tarar.

6.0 ABIN DA SUKA TARAR

Musulmin ƙasar Hausa sun daɗe da nasu jiran. Hadisai sun zo da bayanin bayyanar Mahadi da fitowar Dujal da saukowar Annabi Isa a Dimashƙa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan Mahadi, ya kuma fito fili ya ce shi ba shi ne ba. Duk da haka, cikar shekara ta 1300 ta Hijira, watau 1882 zuwa 1883, da labarin Muhammadu Ahmad na Sudan, sun motsa zukata ƙwarai, har jikan Sarkin Musulmi Bello, Hayatu ɗan Sa'idu, ya yi masa mubaya'a.

Misali biyu za su ishe mu. Na farko Isawa. A Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wani Malam Ibrahim ya zurfafa nazarin ayoyin Alƙur'ani masu ambaton Annabi Isa, ya yi ta wa'azin dawowarsa har ya tara mabiya. Aka kashe shi a kasuwar Kano, mabiyansa suka watsu wajen ƙasar Ningi da gabashin Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka je wurin Likita Walter Miller na CMS a Zariya, wanda kada a rikita shi da William Miller na Amurka. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya tarwatsa shi, waɗanda suka saura suka zama cikin tushen jama'ar Wusasa. Marigayi Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga wannan zuriya ya fito. Ga mutanen da jiran Isa irin na Musulunci ya kai su ga Kiristanci.

Na biyu Satiru, ƙauyen da ke kudu da Sakkwato kamar mil goma sha huɗu. A 1904 mai garin ya yi da'awar Mahadi, aka kama shi, ya mutu a tsare. Ɗansa mai suna Isa ya gaje shi. A farkon 1906 wani makahon malami, Ɗan Makafo, ya tsero daga ƙasar Zabarma bayan boren da aka yi wa Faransawa a yankin Dosso, maƙwabtan Kabawa kuma tsofaffin abokan yaƙinsu. Da ya iso Satiru, sai zance ya zama cewa Isan garin shi ne Annabi Isa da ake jira. Ranar 14 ga Fabrairu, 1906, mutanen Satiru, da gatura da fartanyu da kibau, suka fatattaki rundunar Turawa, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. Ranar 10 ga Maris aka komo musu da bindigogi masu jigida, tare da mayaƙan Sakkwato. An ƙiyasta mutum wajen dubu biyu suka halaka, aka baje garin, har yau kango ne.

Guguwar ta taɓo mu kai tsaye. Turawa sun zargi Sarkin Gwandu Muhammadu Bashar da goyon bayan Satiru, suka tuɓe shi a 1906, aka naɗa Haliru, kuma daga zamaninsa ne fadar Gwandu ta tabbata a nan Birnin Kebbi. Sarkin Kabi Sama na Argungu, wanda ya karɓi Turawa tun 1902, ya ci gaba da sarautarsa har 1915. Lugard ya riga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addini ba, Satiru kuma ta ƙara wa razdanoni tsoron duk wani mai wa'azin da zai ambaci dawowar Isa a ƙasar sarakuna, baƙi ne ko fari. Ashe jiran wani ɓangare ne ya taimaka wajen toshe ƙofa ga masu jiran ɗaya ɓangaren.

7.0 KALMA ƊAYA, MA'ANA BIYU

Yanzu bari in komo fagena. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, an kuma sake sabuwar fassara a 1979. Ta 1932 ta ce Yesu Kristi da Yohanna da Ru'ya ta Yohanna. Ta 1979 ta ce Yesu Almasihu da Yahaya da Wahayin Yahaya, watau ta matso kusa da kalmomin da Bahaushe ya saba ji a makarantar allo. Amma dukansu biyu Yesu suka ce, ba Isa ba. Haka kuma a bakin Kirista akwai magabcin Almasihu inda Musulmi zai ce Dujal, da Gog da Magog inda zai ce Yajuju da Majuju.

Kusancin kalmomi na iya ruɗar mai sauraro. Idan Kirista ya ce Almasihu zai dawo, yana nufin wanda aka gicciye, ya tashi daga matattu, zai komo a matsayin Ubangiji mai shari'a. Idan Musulmi ya faɗi haka, yana nufin Annabin da ba a kashe ba, aka ɗauke shi sama, zai sauko ya kashe Dujal, ya yi hukunci da shari'ar Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wasallama, sa'an nan ya rasu kamar kowane ɗan Adam. Bambancin babba ne, kuma ɓoye shi ba ya gyara zumunci. Abin da ke gyara shi shi ne kowa ya san abin da maƙwabcinsa ke nufi kafin ya amsa masa.

8.0 KAMMALAWA

Malam Shugaba, masu sa rana ba su ƙare ba. Wani mai wa'azin rediyo a Amurka, Harold Camping, ya sa 21 ga Mayu, 2011, ta zo ta wuce. Nan Nijeriya mun ji yadda aka yi ta raɗe-raɗin cewa lambar banki ta BVN da lambar ɗan ƙasa da allurar rigakafin korona su ne alamar dabba, har wasu suka yi ɗari-ɗari da su. A ɓangaren Musulmi ma, shigowar shekara ta 1400 ta Hijira ta zo da mamaye Masallacin Harami a Nuwamba 1979, da sunan wani da aka ce Mahadi ne. A kowane ɗayan waɗannan, talaka ne ya kwana a ciki, ko ya yi asarar dukiya, ko lafiya, ko rai.

Abin lura kuwa shi ne, nassoshin da kansu sun rufe wannan ƙofa. A Matiyu 24 ɗin nan dai Yesu ya nuna cewa sanin ranar da sa'ar na Allah ne shi kaɗai, kuma Bulus ya tsawata wa mutanen Tasalonika da suka ajiye sana'a suna zaman jira, ya umurce su su koma aiki. Alƙur'ani ma ya bar sanin Sa'a ga Allah, an kuma ruwaito hadisin da ke umurtar mai riƙe da dashe ya dasa shi ko da alƙiyama na tsayuwa. Manomin shinkafa a fadamar Rima ya fi kowa gane wannan. Ya san ruwa zai cika, bai san daren da zai iso ba, don haka yakan gyara kuyya ya tanadi iri tun da wuri.

Roƙona ga ɗalibanmu na sashen Hausa da na tarihi shi ne su shiga Zuru da Yawuri da Argungu da Gwandu, su tattara waƙoƙin majami'a da waƙoƙin wa'azi na ajami masu zancen ƙarshen zamani, su ɗauki bayanin dattawa tun suna raye, su ajiye su gefe da gefe su nazarta. Aiki ne da ke jiran mai yi, kuma kayansa a bakin tsofaffi suke.